Malam Daniel na Bencin Baya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, in kana tsaye a bakin titin Damba, za ka ji tarin wani tsohon babur kafin ka gan shi. Mai shi ya fi shi lafiya, amma ba da nisa ba. Malam Daniel Haruna ke nan, wakilin wani gidan rediyo a kotuna, rataye da jakar fata mai ɗauke da rikoda da biro biyu da littafin rubutu da aka ɗaure da roba. Yau yana Gusau, gobe Tsafe, jibi Bungudu. Ko kotun shari'ar Musulunci ce ko babbar kotu, wurin zamansa ɗaya ne: bencin baya, kusa da taga. Shekara ashirin da takwas ya yi yana wannan zirga-zirga, har ma'aikatan kotu kan tambaye shi ranar da aka ɗage wata shari'a in sun manta.

Mu 'yan jarida, bari in faɗi laifinmu da bakina, 'yan ranar farko ne. Ranar da aka gurfanar da mutum, har ture juna muke yi da kyamara. Da an ɗage zama sau biyu, sai ka neme mu ka rasa. Shi kuwa Malam Daniel yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna masa dariya a kanta. Duk sunan da ya fita daga bakinsa a rediyo sai ya buɗe masa shafi, ya rubuta sau nawa aka karanta shi. Ba ya ja wa shafin layi sai alƙali ya yanke hukunci, shi kuma ya sanar wa duniya.

Hamza ne ya sa muka daina dariya. Makiyayi ne daga wata ruga kusa da Kucheri, aka kama shi bisa zargin kai wa 'yan bindiga labari. Duk wanda ya san Zamfara ta yanzu ya san nauyin wannan zargi. Malam Daniel ne ya karanta labarin kamun, aka sa shi safe da rana da yamma. Daga nan duk muka watse, shi ya zauna. Shekara biyu ana ɗage zama yana bencin baya, shi da Dije matar Hamza, wadda ke zuwa duk sanda hanya ta yi kyau. Ranar da alƙali ya ce babu hujja ko ɗaya, ya wanke Hamza ya sallame shi, ɗan jarida ɗaya ne tal a kotun.

Da Malam Daniel ya fito, sai ya tarar da Hamza zaune gindin bishiyar dogon yaro, takardar hukunci a hannu, Dije na lallashinsa ya tashi su tafi, ya ƙi ko motsi.

Hamza ya ce, "Malam, ina za ni? Alƙali ya sake ni, amma rediyo ba ta sake ni ba. Can wajenmu kowa ya ji anka kama ni. In nit taka kasuwar Mada, 'yan sa-kai ba su tambayar takarda."

Malam Daniel ya san muryar wa aka ji. Bai tsaya ko'ina ba sai ofishin edita, Hajiya Sa'adatu, mace mai kirki amma mai tsimin minti. Ta ce labarin ya tsufa, wa ke tuna kamun shekara biyu? Za ta ba shi layi ɗaya a ƙarshen labaran yamma. Ya warware robar littafinsa, ya ajiye mata shafin.

Ya ce, "Hajiya, sau ukku munka hwaɗi an kama mutumen ga, da bakina. Sau ukku za mu hwaɗi an sake shi, kuma ranar kasuwa, sa'ad da kowa ka jin rediyo. In wani abu ya same shi, mu munka yi."

Hajiya ta duba shafin, sannan ta ɗauki biro ta sa hannu.

Da wani ne, da ya tsaya nan, kuma da ba a ce ya gaza ba. Amma ranar kasuwar Mada, Malam Daniel ya ajiye babur ya shiga motar haya tare da Hamza. Waɗanda suka gani sun ce da suka shiga kasuwa, hira ta ɗauke rumfa bayan rumfa. A teburin mai shayi suka iske Rabi'u, shugaban 'yan sa-kan wurin, bindiga a kan cinya. Malam Daniel ya je ya tsaya gabansa.

Rabi'u ya ce, "Mun ji da sahe. Munka ce ko kuskure na."

Ana haka sha biyu ta buga. Rediyon mai shayi ta kawo labarai, sai ga muryar Malam Daniel tana cewa kotu ta wanke Hamza na rugar Kucheri, ba ta same shi da laifin komai ba. Rabi'u ya dubi rediyo, ya dubi mutumin da ke tsaye gabansa.

"Kai ne kah hwaɗi an kama shi?"

"Ni ne. Ga takardar kotu."

Rabi'u bai ko kalli takardar ba. Ya gusa a kan benci ya ce, "Hamza, zamna." A cikin motar komawa Gusau Malam Daniel ya ja wa shafin layi.

Malam Daniel, kai ne ka gane abin da yawancinmu ba mu gane ba har yau: sunan mutum amana ne a bakin mai karanta labari. Kai ne mai zaman ɗage shari'a, wanda zafin watan Afrilu bai kora daga benci ba. Ba ka taɓa kiran wanda ake tuhuma ɓarawo ba kafin alƙali ya kira shi, ko da duk gari ya kira. Wallahi in na tuna tsayuwarka a gaban teburin nan, mamaki nake yi, kuma kunya nake ji.

A watan jiya ya yi ritaya. Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiya, Ya kuma ba babur ɗin nan hutu. Ku kuma abokan aikina masu kyamara, akwai shafi goma sha ɗaya a littafinsa da ba a ja wa layi ba, kowane da mutum a bayansa yana jira. Bencin baya ba kowa. Ku je ku zauna.

A ɗan taron sallamar da aka yi wa Malam Daniel, Hamza ya zo da Dije da ƙwaryar nono. Aka miƙa masa abin magana, ya juya shi a hannu, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce shi bai iya jawabi ba, abu ɗaya yake roƙo: a faɗi sunan mutumin nan sau uku, yadda kowa zai ji.

To, Hamza, ga shi. Daniel Haruna. Daniel Haruna. Daniel Haruna.