Jan Fenti a Bakin Farfela

Ranar da ba ta fita raina ba a aikin nan ita ce wata Laraba a farkon damina, a Abakpa Nike. Ina ƙarƙashin marigayi Malam Idi, mai haɗa wutar sola, Allah Ya jiƙansa. Mun kafa wa mahauta ƙaramin injin iska mai ba da wutar lantarki a kan dogon ƙarfe, don ya taimaka wa batiran firjin nama.

Malam yana da al'ada. Kafin a ɗaga farfela, sai ya shafa wa bakin reshe ɗaya jan fenti. Ya ce tsakiya ba ta nuna komai, bakin ne ke cin nisa. In kana iya bin jan da ido, lafiya. In ya koma zobe, to gudu ya wuce ƙa'ida.

Ran nan bayan azahar hadari ya haɗo. Na duba na ga batir ya cika, sai na cire wayar, yadda na saba yi da janareta. Ban san cewa batirin ne kayan da ke riƙe farfelar ba. Nan take ta fara kuka. Na ɗaga kai, ja ya zama zobe, ga rumfunan kwano a ƙasa cike da mutane. In reshe ɗaya ya ɓalle, sai dai a ɗauki gawa.

Alhaji, shugaban mahautan, har murna yake yi.

"Oga Idi, ƙyale ta! Yau nama zai daskare!"

Malam ya ce, "Alhaji, kwashe mutanenka tukuna, kada naman ya ƙaru."

Ya kama igiyar da ke ɗaure a wutsiyar injin, ya riƙa ja a hankali har injin ya juya wa iska gefe. Igiyar ta yanka masa tafi. Da jan ya dawo ana iya ƙirga shi, ya mayar da wayar.

Alhaji ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne ban koya masa ba," in ji Malam.

Sai a hanya, bisa okada, ya juyo. "Sani, ita wannan in ka sauke mata kaya ba hutawa take yi ba, kashe kanta take yi."

Na koyi cewa a sana'armu ba gudu ake nema ba, riƙo ake nema. Na kuma ga yadda babba ke rufa wa na ƙasa asiri.

Bara Malam ya rasu. Injin yana nan. Duk farkon damina nakan sauke shi in sabunta fentin, a reshen da ya zaɓa.