Sunan da Na Kira a Ƙofar Gidan Kallo

Saboda ɗanmu na fari mijina ya kawo ƙwallo cikin gida. Ko me zai faɗa wa mutane game da sana'a, ni na san dalilin, don a gabana aka yi shawarar. Shekarun nan ne da tsoro ya zauna mana a Mubi, mutum ya ga taro sai ya canja hanya. Kasuwa muna shiga ne a gaggauce mu fito. Gidan kallon ƙwallo kuwa, inda samari ke cunkushewa a rumfar kwano mai ƙofa ɗaya, shi ne wurin da kowace uwa ta fi tsana. Yaron namu kuma a kan ƙwallo ba ya jin kira. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye masa takalma, ya tafi da na ƙaninsa.

Sai uban ya ce tunda ba za a raba shi da ƙwallo ba, bari ƙwallon ta zo ta same shi a ɗaki. Ya yi ta zirga-zirga har ya samu lasisi, ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani da ya sayi izinin nuna wasannin ƙasashen waje a ƙasarmu. Yadda ya bayyana mini, ana buga wasa a Turai, a harba hoton sama, tauraron ɗan'adam ya sauko da shi cikin wani ƙaton dish da ya cinye mini rabin tsakar gida, daidai inda nake shanya kuɓewa. Daga dish ɗin hoton ya shiga dikodojin da ya jera a ɗakin zaure, daga nan wayoyi su raba shi gida-gida a unguwa, har zuwa gidajen bakin mayo, rafin garinmu. Sharaɗi ɗaya ne ya riƙe kamar karatun sallah: tashoshin da aka ware wa ƙasarmu kaɗai zai raba. Akwai wasu a sama, na Larabawa da na maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, dish ɗin zai iya kamo su tsaf, amma ba namu ba ne. Wanda aka kama yana raba su, lasisinsa ya tafi.

Abin ya yi aiki, gaskiya. Ranar Asabar sai in ji ihun samari yana tashi daga gidaje daban-daban, kowa a gaban uwarsa. Matan unguwa har godiya suke zuwa yi mini, kamar ni na hau sama na ɗauko.

Dole in faɗi wani abu game da ni da yaron nan, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Ɗan fari ne, kuma mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In zan kira shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa da mutane sai in ce "yayansu". Ban taɓa yi masa wasa a gaban jama'a ba. Shi ma bai taɓa ce mini Mama ba. A hannun mahaifiyata ya yi wayo, ya ji ƙannena suna ce mini Adda, wato yaya, ya ɗauka. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Ranar da nake magana, ƙarshen damina ne, shekararmu ta farko a sana'ar. Maƙwabciyata ta dawo daga gonarsu a Duvu ta kawo mini gyaɗa ɗanya, ina zaune a inuwar dish ɗin ina ɓarewa a ƙaramin kwano. Babban wasa ake yi, wanda aka yi mako ana musu a kansa. Sama garau, ko ɗigon hadari babu. Ana cikin wasa, kafin la'asar, sai hoton ya fara yayyagewa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya.

Wayar mijina ta fara ruri. Ya duba janareta, lafiya. Ya duba dikodoji, lafiya. Sai ya ce iskar daren jiya ce ta gotar da dish ɗin, ya ɗauko sifana ya kwance ƙusoshin ya fara juya shi. Daga baya ne mutumin kamfani ya gaya masa a waya cewa rana ce. Sau biyu a shekara takan zo ta tsaya daidai bayan tauraron, zafinta ya danne siginal na ɗan lokaci, sannan ta wuce hoto ya dawo da kansa. Maganin kawai a naɗe hannu a jira. To, mu ba mu sani ba. Da ranar ta wuce, dish ɗinmu ya riga ya kalli wani wuri.

Ina jin ƙofofin unguwa suna buɗewa, ina jin takun samari a lungu, duk sun nufi hanya ɗaya. Na san gidan kallo za su. Na leƙa ɗaki na ga yayansu yana laluben takalmi a ƙarƙashin gado.

Na je na tsaya a kan mijina. Na ce, "Malam, juya shi wajen na Larabawan nan. Kai da bakinka ka ce su ma suna nuna wasan."

Ya ce, "Ba namu ba ne. Ba a ba mu izininsa ba."

"Izini? Ɗanka yana sa takalmi, kana yi mini maganar izini?"

Bai ɗago ba, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, "In na raba shi yau aka ƙwace lasisin, ba Asabar ɗaya zai yi a gidan kallo ba, duk Asabar ce. Ki ba ni ɗan lokaci, zan kamo namu."

Gaskiya ya faɗa, kuma wallahi a wannan lokacin na tsane shi da gaskiyar tasa. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ina cikin yi na juya, ɗakin yaron ba kowa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizgi hijabin da ya fi kusa, babban baƙin nan da nake sallah da shi, mai jan ƙasa, na zura na fita. Ban ma san kwanon gyaɗar yana hannuna ba, na rungume shi a ciki ƙarƙashin hijabin. Ban tsaya neman keke-napep ba. Tafiya nake kamar gudu, ina haki, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abin da nake gani a raina kawai rumfar nan ce da ƙofarta ɗaya, da ɗana a can ciki inda ba a fita da wuri.

Ko kusa ban tuna yadda ni kaina nake a idon mai kallo ba. A lokacin an sha jin labarin mata da ake ɗaura wa mugun abu a ƙarƙashin hijabi a tura su cikin taro. Ni ma na sha kauce wa irinsu a kasuwa, mata bayin Allah da ba su yi mini komai ba. Ga ni yanzu, mace ita kaɗai, cikin baƙin hijabi har ƙasa, da tudu a ciki, bakina yana motsi, na nufi ƙofar da mace ba ta shiga.

'Yan banga biyu ne a ƙofar suna laluba masu shiga. Ɗayan, mai bindigar farauta, shi ya fara ganina. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗaga bindigar ya ce da irin Hausarsa, "Kai, mata, tsaya can. Kar ka matso."

Na tsaya. Sai a lokacin na gane abin da yake zato.

"Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Kwanon ya suɓuce ya daki dutse da ƙara, gyaɗa ta watse. Ƙarar nan ita ta gama komai. Masu sayar da rake da ruwa a bakin ƙofa suka watsar da kayansu, wani ya yi ihu a ciki, sai na ji benci suna faɗuwa, rumfar kwanon tana girgiza, mutane suna turereniya a ƙofa. Wasu suka ɓalle kwanon baya suka fita ta nan. Na durƙusa a ƙasa hannuwana a sama. Na ga wani ya ɗauki dutse.

Na ce, "Ɗana nake nema. Yana ciki."

Mai bindigar shi ma yaro ne, tsoro yake ji kamar ni. Ya ce, "Wane ne ɗanka? Faɗa sunansa."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Wanda bai taso a irin gidanmu ba zai ce wauta ce, bindiga a kanki kina kunya. Ba kunya nake ji ba a lokacin, harshen ne bai san hanyar ba. Na ce "yayansu", na ji da kunnena yadda maganar ta zama banza a wurin. Shirun da na yi kuma ya ƙara tabbatar musu. Ɗayan ya ce, "Ba shi da ɗa a nan, ƙarya ne." Na ji ƙarar da bindiga ke yi in an ja kunamarta.

Sai na rufe ido na kira sunan. Na kira shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, sunan da aka raɗa masa ina ɗaki ina jin maroƙi yana faɗa, ban taɓa maimaitawa ba. Na sake kira. Muryar ma ba ta yi kama da tawa ba.

Da na buɗe ido, kowa yana gudu yana nisa da ni, mutum ɗaya ne yake kutsowa ta cikinsu yana nufo ni, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya wuce ta gaban bakin bindigar kamar bai gan ta ba. Ya faɗo a kaina ya rungume ni, ya juya musu baya, yana cewa, "Uwata ce. Uwata ce, kar ku taɓa ta." Da hannunsa ya yaye hijabin ya nuna musu babu komai sai zani da rigar girki.

Mai bindigar ya sauke ta ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai. Wani dattijo mai shago ya kawo mini ruwa yana ta ba ni haƙuri, yana kuma yi mini faɗa a lokaci guda. An ji raunuka a turereniyar, wani ya goce a hannu, amma Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Har yau in na tuna saboda ni ne, sai in yi istigfari.

Muka taho gida. Sai da muka kusa lungunmu ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Na riga na fita ta baya, ina gudu. Da na ji sunana a bakinki na san ba lafiya." Na gyara hijabina.

Mun tarar hoto ya dawo, tasharmu ta halak, ana ta wasa a ɗakin zaure ba mai kallo. Mijina yana tsaye a ƙofar gida da sifana a hannu, labari ya riga mu isowa. Ya dube ni, ya dubi yaron. Ni kuwa na rasa wanda zan ba laifi, shi ko ni ko rana.

Ban sake faɗin sunan ba tun daga ranar, shi ma Adda yake ce mini har yanzu da ya yi aure, sana'ar ma ta koma hannunsa. Amma sau biyu a shekara, in rana ta zo wucewa bayan tauraron hoto ya ɗauke, ba ya taɓa dish ɗin, ba ya amsa waya. Yakan fito tsakar gida ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, mu jira tare har hoton ya dawo.