Talo-talon da Malam bai ci ba

Da na ba shi tsoka ɗaya a yammacin nan, me zai ragu? Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau ban samo amsa ba. Ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Malam tela ne a kasuwar Azare. A shekarar da ya rasu ya sayo ɗan talo-talo daga Udubo, ya ce ƙaramar Sallar bana ba za mu yi ta da kaza ba. Wata bakwai yana kiwonsa. Tsuntsun ya ƙasaita har yana korar baƙi a zaure, Malam ya sa masa suna Hakimi.

Ban taɓa dafa talo-talo ba. Maƙwabciyata Maman Obi, mai sayar da kwanuka, ita ta saba yin sa lokacin Kirsimeti. Ta ce namansa da tauri, in na bari sai safiyar Sallah zan ji kunya gaban surukai. Don haka ranar ashirin da tara ga azumi Malam ya yanka shi da safe kafin ya tafi shago. Na fige, na yayyanka, na dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro. Da yake ina azumi, Maman Obi ce ta ɗanɗana mini gishiri. Na tsame ya sha iska a faifai, sannan na soya da man gyaɗa har ya bushe, na barbaɗa yaji, na rufe a babbar samira.

Da aka sha ruwa Malam ya ture kunu gefe ya ce, "Innar yara, ƙanshin nan tun daga bakin layi yake kirana. Ko wuya a ba ni."

Na ce sai an sauko daga idi.

Ya ce, "Ni fa na ciyar da Hakimi."

Na ce ko shi ya haife shi.

Ya yi dariya ya ci ƙosansa.

Ba wani malami ne ya ce haka ba. A gidanmu a Katagum na taso na ga mahaifiyata ba ta buɗe naman Sallah sai maza sun dawo daga masallacin idi, ni ma na riƙe. Kuma na ɗauka kwana ɗaya ne kawai.

Ba a ga wata ba. Aka cika talatin. Bayan la'asar abokan sana'arsa suka shigo da shi. Sun ce yana kan keken ɗinki ya kifa kai, suka zaci gyangyaɗi ne. Kafin magariba an kai shi. Kowa na ce mini ya yi sa'a, ya tafi da azumi a baki. Ni kuwa abin da ke raina shi ne bakin nan na hana wuyan talo-talo.

Washegari daga idi mutane suka wuto gaisuwa. Ba a dafa komai ba a gidan, sai aka buɗe samirar. Ina zaune a ɗaki cikin takaba ina jin ana tauna ƙashi a tsakar gida. Wata ta ce naman ya yi daɗi, na ce mata na gode. Ban yi kuka ba ranar. Kukan ya zo daga baya, yana kuma zuwa har yanzu, amma wani wuri a ƙirjina ya tsaya tun ran nan, ba ya jin komai.

Yanzu ɗana ya sa mana firiza mai aiki da sola. Fukafukan talo-talo a kwali ake sayo su, ba wanda ya san tsuntsun balle ya sa masa suna. Labarin ganin wata a waya yake zuwa. Ban san me Malam zai ce ba. Wataƙila ya ce naman da bai taɓa korar baƙo ba ba zai yi daɗi ba. Jikokina kan buɗe tukunya tun jajibere su ɗauka, uwarsu ta tsawata, ni in ce a bar su.

Me ya rage nasa? Keken ɗinkin yana nan a lulluɓe. Akwai dattijon da har yanzu yake sa rigar da Malam ya ɗinka masa. Yarana na cewa ya yafe mini, ba mai riƙo ba ne. Na san haka. Bai ma ɗauke shi laifi ba ne.

Safiyar ranar talatin ɗin Malam ya same ni ina sake soya naman don kada zafi ya ɓata shi. Ya tsaya da hularsa a hannu, ya leƙa kasko, ya haɗiye yawu don in gani. Har ya kai bakin zaure ya waiwayo.

"Rufe shi da kyau, Innar yara. Gobe dai ba ki da hujja."