Wa Zai Ce Mini Bai Yarda Ba?

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, 'yarka ta fari ta kira ni ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Ina ɗakin gwaji a lokacin, na zuba shayi kofi biyu kamar kullum.

Sarkin Musu, haka nake kiranka, kuma ba ka taɓa musa wannan ba. Tun muna da baƙin gashi muke aiki a ɗaki ɗaya, a kan tambaya ɗaya. Ƙwayar haidurojin, saboda tsananin rashin nauyinta, takan bar wani sinadari ta koma wani ba tare da ta samu ƙarfin haye shingen da ke tsakaninsu ba. 'Yar uwarta mai nauyi, diyuteriyam, da ƙyar take iya hakan. Mu kuwa aikinmu auna bambancin saurinsu ne, musamman cikin sanyi mai tsanani. Na taɓa ce wa ɗalibai kamar ɗan akuya ne da ke bi ta hudar danga. Ka bari sai da suka fita, ka ce, "Malam, ina ka ga huda? Kada ka koya wa 'ya'yan mutane ƙarya don ta yi daɗin ji."

Kai ka kafa mana ƙa'ida: kai za ka haɗa kwalabe, wasu da ruwan yau da kullum, wasu da ruwa mai nauyi, wato mai diyuteriyam, ka miƙo mini ba tare da na san wanne ne wanne ba. Ka ce idona yana ganin abin da zuciyata ke so. Wallahi na ji haushi, amma gaskiya ka faɗa. In na kawo sakamako ina murna, sai ka ture tabarau ka ce, "Ban yarda ba. Sake." Sau nawa na fita ina ƙunƙuni! Sau nawa kuma wannan taurin kai naka ya rufa mana asiri a gaban masana.

Mai musun nan kuwa shi ne ya ɗauki darussana gaba ɗaya lokacin da matata take jinya, bai taɓa tayar da zancen ba. Ranar da muka binne ta, kai ka riƙe hannuna har gida.

Yanzu ga inda nake. Makon jiya na rufe ido na cakuɗa kwalaben da kaina, na yi awon da muka daɗe muna jira. Ya fito daidai yadda na yi ta fata. Na juya wajen kujerarka, sai tsoro ya kama ni, domin babu wanda zai ƙaryata ni. Ban aika da shi ko'ina ba. Shugaban sashe ya ce in aikin ya tsaya za a karɓi ɗakin. Na ce a ba da rabinka na aikin, amma ga wanda ba zai ji nauyin furfurata ba in na yi kuskure. Duk wanda ya leƙo sai ya rusuna ya ce, "Ai Malam ya fi mu sani." Kaɗaici ya ishe ni, abokina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'ya'yanka da ƙannenka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya albarkaci bayanka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka tsare ta tsare ka. Ni kuma Allah Ya kawo mini wanda zai dubi idona ya ce in sake, kafin a karɓi makullin.