Jajayen Wayoyin Badamasi

Badamasi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ba abin da ba zan iya faɗa a kansa ba. Shekararsa sittin da biyu, ya girme ni da uku, amma har gobe bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce mini. Gonakinmu suna maƙwabtaka a bakin wani ƙaramin kanal tsakanin Kura da Bunkure, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa. Abu biyu aka san shi da su a ƙauyenmu: rowar magana da wani tsohon babur.

Tun muna samari ya sayi baburin, a hannun wani malamin gona da ya gama aiki zai koma garinsu. Yau in ka tambaye ni ƙirar wane kamfani ne, ba zan iya rantsuwa ba. Tankin na wani babur ne, fitilar ta wani ce, salansar wani mai walda ne ya haɗa masa ita a Garun Mallam, sirdin kuma fatar ragon layya ce da ya ɗinka da hannunsa. Ya faɗaɗa kariyar baya har tana ɗaukar kwando biyu na tumatir. In ya taso daga gida, tun kafin ya iso gona kowa ya san shi ne, don ƙarar nan ba ta da ta biyu.

Shekara takwas da suka wuce aka so sace masa shi a kasuwar Kura. Ya dawo daga sayen iri, ya tarar da wani ƙato a kai, ya karya makulli har ya tada inji. Jama'a ne suka taimaka aka ƙwato baburin. Tun daga ranar Badamasi bai sake yarda da kowa ba. Ya shige zaure ya rufe ƙofa kwana uku, ya zare wayoyin baburin kakaf, baƙa da koriya da rawaya, waɗanda kowane bakanike yake ganewa da ido, ya maye su da ƙulli ɗaya na jar waya. Sannan ya dasa wani makunni na sirri a inda shi kaɗai ya sani. Ko da makulli a hannunka, ka yi ta buga kik har ƙafarka ta gaji, baburin ba zai ko yi tari ba. Shi kuwa sai ya hau, ya baza rigarsa ta rufe ko'ina, hannu ya shiga ƙarƙashi, bugu ɗaya ya tashi. Shekara takwas yana goya ni, ina leƙe, ban taɓa kama shi ba.

Na taɓa ce masa, "Bawana, in ka mutu wa zai tada shi?"

Ya ce, "A haƙa ramin da faɗi." Muka yi dariya.

Abin ya faru ne wata Juma'a cikin bazara, lokacin da tsutsa ta faɗa wa tumatir. Feshi aikin safiya ne ko yamma, amma Badamasi ya ce sai ya gama kafin masallaci, ya gauraya magani iri biyu don ya yi ƙarfi, ya goya famfon feshi yana ta yi har rana ta take. Ni ina zaune a gindin darbejiya da wankakkiyar rigata, ina jiran ya gama ya goya ni. Bakin famfon ya toshe. Kowane manomi a yankin nan ya san abin da muke yi: a kwance bakin, a sa a baki, a hura. Malaman gona sun hana har sun gaji, ni ma da nake ba ku labari na yi ya fi a ƙirga. Ranar nan garaje ya sa bai saki iskar famfon ba, yana kwancewa maganin ya feso masa a baki da fuska. Na ga ya tofar, ya kurkure da ruwan kanal, ya ci gaba da aikinsa.

Ba a yi rabin awa ba na ga ya tsaya yana dafe da ciki. Na ɗaga murya, "Bawana, yunwa ce?" Ya durƙusa, sannan ya kife a cikin kunyar tumatir.

Na ruga na juyo shi. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, miyau yana dalala, naman fuskarsa yana motsi shi kaɗai, baƙin idonsa ya tsuke ya koma ɗan ɗigo. Ƙirjinsa yana kurarin ruwa. Na taɓa ganin haka sau ɗaya, a wani ɗan ƙwadago, kuma bai kai asibiti ba.

Na ciro waya. Na kira ɗansa, na kira mai a-daidaita-sahun ƙauyenmu, na kira duk wanda na san yana da abin hawa. Ba wanda ya ɗauka, kowa yana sahu ana huɗuba. Na duba gabas da yamma, gonaki fayau, ba kowa. Can sai na hango mutum ɗaya yana gyara bakin ruwa: Bulus, maƙwabcinmu na ƙasa, wanda Juma'a ba ta ɗauke shi daga gona. Na ƙwala masa kira, ya zo a guje. Keke gare shi, asibiti kuwa tafiyar kusan kilomita goma ce.

Bulus ya ce, "Malam Iliya, sai dai mashin ɗin."

Muka yage wa Badamasi rigar da ta sha magani, muka kwarara masa ruwa, muka jawo shi inuwa. Na zaro makulli daga aljihun wandonsa, na murɗa, na buga kik. Shiru. Na buga goma. Na tsuguna na tallafo kansa.

"Badamasi! Ina makunnin? Don girman Allah, ina ka sa shi?"

Leɓɓansa suka motsa, kumfa ce kawai ta fito. Hannunsa ya ɗago kaɗan ya koma ƙasa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma a cikin tsoron har da haushi, na ji kamar in shara masa mari.

Na laluba ƙarƙashin sirdi, da bayan fitila, da gindin kariya, da cikin akwatin kayan gyara. Babu. Ni ba bakanike ba ne, amma shekara talatin ina fama da injin ban ruwa, kuma inji duk inji ne: mai da wuta. Na jijjiga tanki, akwai mai. Na kwance fulogi da sifanarsa, na ɗora shi a jikin inji, na ce wa Bulus ya buga. Ko ƙyalli babu.

Sai na tuna yadda injin ban ruwa yake mutuwa. Waya ɗaya ce tak: in ta taɓa jikin ƙarfe, wutar ta zube, inji ya tsaya. In makunninsa ya lalace, waccan wayar muke cirewa, ya tashi lafiya lau. To, ko ina Badamasi ya ɓoye nasa makunnin, aikinsa ke nan, zubar da wuta. Ba sai na same shi ba, wayarsa zan yanke.

Muka kwance tanki muka ɗaga. A nan na ga abin da mutumin nan ya aikata. Daga koyil, wato ɗan abin da yake ba fulogi wuta, wayoyi biyu sun fita, duka ja, kauri ɗaya, an naɗe su da robar tsohon tub na taya, kuma duka sun shige cikin bututun ƙarfen baburin sun ɓace. Ɗaya ce take kawo wuta daga inji, ɗaya ce take kashe ta. A da, ko yaro ya kalli launi zai gaya maka.

"Wacce?" in ji Bulus.

"Ina na sani!"

A bayanmu Badamasi ya yi wani irin shaƙuwa, ƙafafunsa suna harbe-harbe. Bulus ya koma ya juya shi gefe don kada ya shaƙe. Na ɗauki lauje, na yi bisimilla, na yanke ta hagu. Na buga kik ina kallon fulogi. Babu wuta.

Yanzu ban san ko na yanke mai kawo wutar ba ne, ko kuwa tun farko lissafina ne ba daidai ba. Na ajiye lauje. Da haƙori na fere bakin wayar, ta yanka mini leɓe, na murɗa sassan biyu na haɗa, suka zame, na sake murɗawa. Duk wannan ina jin numfashinsa, yana ja, yana tsayawa, sai na ƙirga uku ko huɗu kafin wani ya zo. Na kama ta dama na yanke.

"Bulus, zo ka buga!"

Ya buga. Wata 'yar shuɗiyar wuta ta yi tsalle a bakin fulogi, ƙarama ƙwarai, da kyar na gan ta cikin hasken rana.

Ban san yadda muka mayar da tanki da fulogi ba. Bugu na biyu baburin ya ɗauka da ƙarar nan tasa. Muka ɗora Badamasi a tsakiya, Bulus ya ɗaure mu da igiyar kwando, ya hau kariya ya rungume shi. Na bi hanyar bakin kanal, ruwa a dama, rami a hagu. Kansa yana bugun kafaɗata, miyaunsa yana gangara mini a wuya. A kowane gargada tunanina yana kan wayar da na murɗa da hannu ba ko salatif. In ta saki, nan za mu tsaya. Wajen rabin hanya na daina jin kurarin ƙirjinsa saboda iska, na ce, "Bulus, yana numfashi?" Bulus ya ce, "Ka dai yi tuƙi."

A ƙofar asibiti ma'aikata suka kwance shi daga bayana suka shige da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta juyo ta ce, "Baba, kada ka yi nisa. In allura ba ta karɓe shi ba, sai an wuce da shi Kano, motarmu kuma ta fita."

Na murɗa makulli don in kashe, baburin bai mutu ba, ai na yanke wayar da take kashe shi. Sai kuma na ga gara haka. In ya mutu, wa ya ba ni tabbacin zai sake tashi? Na tsaya a rana ina riƙe da totur, ina ɗan murzawa kada ya sauka. Mai gadi ya zo ya ce ƙarar tana damun marasa lafiya, na ce masa ya yi haƙuri, ban saki ba. Aka sauko daga masallaci, mutane suna wucewa suna kallon tsoho da jini a leɓe yana ba babur wuta a tsaye. Inji ya yi zafi har yana ƙona mini ƙwauri. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai na kalli fuskarsa, in ga ko ni zai nufo, kuma da wane labari.

Bayan la'asar Bulus ya fito. Yana tafiya a hankali, abin da ya ƙara tsinka mini zuciya. Ya zo dab da kunnena saboda ƙara.

"Ƙirjin ya bushe. Ya buɗe ido, ya gane ni. Sun ce ba sai an je Kano ba. Kashe shi, Malam Iliya."

Na sa hannu na fizge hular fulogi. Wutar ta ja ni har kafaɗa, inji ya yi shiru. Yatsuna na dama suka ƙi miƙewa, sun ƙage a yadda suka riƙe totur. Na zauna a ƙasa a wurin, ni da gemuna da furfurata, na yi kuka.