Ranar da Kaka Ta Zauna a Kan Tef Ɗina

Shekarar da nake neman lasisin ƙiyasta darajar gidaje da filaye, damina ta yi kyau ƙwarai. Ina aiki a wani ƙaramin ofis a Tambuwal, ina karatu a bakin taga, rabin hankalina a littafi, rabi yana bin hadari. Na riga na rubuta jarrabawar takarda. Abin da ya rage shi ne in auna wani gida da hannuna, in zana taswirarsa, in rubuta rahoto, sannan in tsaya gaban masu jarrabawa su yi mini tambayoyi a kai. Saura kwana biyar in miƙa.

Abokan karatuna duk gidajen siminti suka zaɓa, masu kusurwa a miƙe. Ni kuwa zuciyata ta tafi Kebbe, gidan ƙasa na kakata ta wajen uwa, inda katanga ke ƙamshi idan ruwa ya ɗauke. Na hau mota da tef ɗin awo da alli da littafi. Ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Na tarar Kaka ta tafi barka unguwar gaba, sai na fara aiki. Na maƙala bakin tef a ƙusar ƙofar zaure, na ja, na rubuta lamba da alli a jikin bango. Na auna ɗakinta, na auna gindin rumbu. Wasu mata biyu masu ɗauke da ruwa suka tsaya, suka amsa gaisuwata a gajarce, suka wuce da sauri. Na ɗauka nauyin tulu ne.

Karatu ya mantar da ni abin da kowa ya sani a Kebbe: tef ba ya shiga gida sai za a raba gado ko za a sayar. Ga shi kuma shekara biyu ke nan kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana lallashin Kaka ta bar gidan ta koma wurinsa a Tambuwal, tana ƙi.

Kaka ta shigo tana haki, mayafinta na jan ƙasa. Ta bi lambobin allin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗauki tef ɗin, ta naɗe shi, ta aje a tabarma, ta zauna a kai.

"Sannu da dawowa, Kaka."

"Nawa anka taya?"

"Taya me?"

"Gidan ga. Tun gidan barka anka ce mini ɗiyar boko ta zo da igiyar awo. Kawunki ya aiko ki, ko? Shi ya ji kunyar zuwa, ke ba ki ji ba."

Da faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi. Hannunta kawai ke shafa tabarma kamar mai neman abin riƙewa. Na durƙusa na yi mata bayanin jarrabawa tun daga farko.

"Jarrabawa?" ta ce. "Gidana mi ya karanta da za a yi mishi jarrabawa?"

Ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar, shi ma sai da ta ƙulle tef ɗin a haɓar zane. Tuwon da ta tuƙa mini, ba ta ci ko loma ba. Ni ma ban iya ci ba. Kwanakina suna tafiya, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take kallona kamar baƙuwa.

Da safe na kira kawu a waya, na ƙara murya yadda za ta ji, na gaya masa abin da ya faru. Ya fashe da dariya.

"Inna, ni da ban ma san ta je ba?"

"Bar dariya, ka rantse," in ji Kaka.

"Wallahi, Inna, ba wanda ya yi maganar sayarwa. Gidanki ne."

Ta juyo gare ni. "Ke kuma mi kinka rubuta?"

Na buɗe shafin farko na rahoton, na fassara mata: an yi wannan awo don jarrabawa kaɗai, ba don sayarwa ba.

"Ƙara. Ki ce mai gidan tana ciki, ba ta zuwa ko'ina."

Na rubuta a gabanta. Ta kwance haɓar zane ta miƙo mini tef ɗin, da ɗumin jikinta a kai.

Ita ta riƙe mini bakin tef ɗin yinin nan, tana mita tana gyara mini. Da muka kai gabas na tsaya a katanga, ta ce, "Ke, ina kinka tsaya? Nan ba iyaka ba ce." Ta ja ni waje, muka tsallake 'yar siririyar hanya zuwa gindin wata aduwa. Nan iyakar take. Marigayi kakana ne ya janye katangarsa ciki, don mutanen bayan gida su sami hanyar zuwa rijiya ba tare da zagaye ba.

"Ƙasar tamu ce," in ji ta, "takawar tasu. Kada ki kuskura ki toshe musu ko a takarda."

Ranar tambayoyi a Sakkwato, wani dattijo mai tabarau cikin masu jarrabawar ya ɗora yatsa a taswirata. Ya ce me ya sa iyaka ta wuce katanga? Na gaya masa labarin hanyar, da haƙƙin maƙwabta na bi ta cikinta, da yadda hakan ke taɓa darajar filin. Ya ce wa ya nuna mini? Na ce wadda ta riƙe mini tef. Ya juya shafin farko, ya karanta jimlar Kaka da na mayar Turanci, ya yi murmushi, ya ce shi ma wannan abin rubutawa ne.

Sakamako ya fito lokacin da ake yankan gero. Na tafi Kebbe da kaina. Ruwa ya wanke allina duka, sai lamba ɗaya da ta tsira a cikin zaure. Kaka tana tsintar wake a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Mun ci?"

"Mun ci, Kaka."

"Alhamdu lillahi. To, gidan ya yi ƙoƙari."

Na kwanta a gefen tabarmarta na lumshe ido. Ta bayan katangar gabas ina jin takun mata masu zuwa rijiya, da ruwa yana fallatsa daga bakin tulu.