Inna Kyauta da Kwanonta Mai Alama

Kafin rana ta ɗaga, Inna Kyauta ta riga ta hura wuta a bayan ajujuwan da 'yan gudun hijirar ƙauyukan Maradun ke zaune a Talata Mafara. Ruwa na tafasa, ita kuma tana bakin buhu da wani tsohon kwano mai lotsattsen gindi. Shekara da shekaru tana dafa wa mutanen nan abinci, ba albashi, ko sabulun wanke hannu ba a ba ta.

Da masu agaji suka daina kawo gero suka koma kuskus, sai mai kula da sito ya riƙa ba da umarni da kilo: kilo kaza kullum, buhu ya kai Juma'a. Madafa kuwa babu sikeli. Mata suka auna yadda iyayenmu ke awo a kasuwa, a cika kwano ya yi tozo, a tare da hannu, a ƙara gyara. Tun tsakiyar mako buhu ya ƙare, yara suka wuni suna leƙen tukunya.

Mai sito ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Inna, ko dai kuskus ɗin nan ya san hanyar gidanki?"

Har da masu dariya. Matar da sai kowa ya ƙoshi take kankare ƙanzo ta ci, ita aka mayar ɓarauniya.

Da aka buɗe sabon buhu Inna Kyauta ta ɗiba a leda, ta ja Rumaisa, abokiyar girkinta, ta zama shaida, suka nufi rumfar Mas'udu mai sayen waken suya, inda akwai sikeli.

"Inna, mi kika kawo muna? Tsakin kaji?"

"Tsakin gidanku. Aza min kilo guda, ɗan nan, kuma ban da irin awon da kake yi wa manoma."

Ya auna yana dariya. Ta juye a kwanonta, ta girgiza har ya kwanta, ta ari ƙusa ta karta alama daidai inda ya tsaya. Daga ranar doka ta kafu a madafa: a tsaya kan alama, ba tozo ba gyara, ruwan zafi ma iyakarsa nan, a rufe a bar shi ya kumbura. Buhu ya kai Juma'a, kuma tsohon da ke ƙarshen layi ya samu nasa.

Kuna zaton an ba ta haƙuri? Ranar da baƙi suka zo ɗaukar hoto, mai sito aka yaba wa da iya tattali. Ita aka ce ta matsa gefe, wai tufafinta duk baƙin tukunya.

Inna Kyauta, ke ce kika haɗiye wulaƙanci kika koma murhu don kada yaran da ba ke kika haifa ba su kwana da yunwa. Yanzu gwiwa ta ƙi, kin miƙa wa Rumaisa kwano, kin koma Morai wajen ɗanki. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Duk wanda aka damƙa wa abincin jama'a, ya je ya dubi alamar nan kafin ya sa hannu a buhu.

Kai kuma mai sito, kullum babura na zuwa Morai. A gaban jama'a ka faɗi waccan maganar. Ka tara su, ka je ka janye ta tun Inna tana raye.